Taron Mafara Bayan Rasuwar Adama

Litinin, 5 ga Mayu, da la'asar

Malam Mukhtar ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini jadawalin taron. Shi ne shugaban shirinmu na horar da manoma, ni kuwa malamar gona ce kawai, wadda ake tunawa da ita idan za a shiga ƙauye. Taron bita ne na kwana uku a nan Talata Mafara, manoman Mafara da Bakura da Maradun, a kan yadda za a yi amfani da maganin feshi ba tare da an cutu ba.

Na duba takardar. Jawabin maraba. Jawabin babban baƙo. Jawabin mai masaukin baƙi. Jawabin godiya. Sannan maƙalu, wannan na bin wannan, tun safe har la'asar, duk da majigi, duk da Turanci. Sunana yana can ƙasa a rana ta biyu, bayan an ci shinkafa, lokacin da kowa ke gyangyaɗi.

Kuma ranar Talata za a buɗe. Ranar kasuwar Mafara! Mutum ya bar albasarsa da shinkafarsa ya zo ya zauna a kan kujerar roba ana karanta masa allo.

Na ce, "Yallaɓai, ai irin na bara ne sak."

Ya ce, "Na bara ya yi kyau, Madam Susan. Kowa ya yaba."

Kowa ya yaba. Na fito kafin bakina ya ja mini.

Talata, 6 ga Mayu, da safe

'Yata Rejoice ta tambaye ni me ya sa mai nono ta daina zuwa. Na ce ta je ta wanke kwanuka.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Na je Damaga gaisuwar rasuwar Adama. Mijina Elias bai so ba saboda hanya, amma na ce masa kafin la'asar ina gida, kuma na cika.

Adama matar Gidaɗo ce. Tun Rejoice na goye take kawo mana nono duk ranar kasuwa, ta zauna a gindin darbejiyarmu ta huta, ta yi mini dariyar Fulatancina. Yau na ga ƙwaryarta a kife a bakin ɗaki. Abin da ya faru cikin makon jiya da yadda aka kawo ta asibiti, ba zan rubuta ba. Likita bai ce komai a fili ba. Mutanen gidan dai sun ce jarkar nan rawaya ce, wadda Gidaɗo ya samo a gonar da ya yi aikin feshi, aka wanke ta ake zuba ruwan sha.

Mun daɗe muna gaisawa da Gidaɗo. Ina gajiya, ina gida, ya yara, ya ƙarin haƙuri. Yana amsawa kansa a ƙasa, yana zane da tsinke. Ko sau ɗaya bai ambaci sunanta ba, sai dai "mai ɗakin". Da na yunƙura zan tashi ya ce, "Malama, in tambai ki. Taron ga na bara da munka je Mahwara, an hwaɗi zancen jarka?"

Ina wurin bara, ni ke raba ruwa. Na tuna. Layi ɗaya ne da Turanci a ƙasan allo, cewa kada a sake amfani da mazubin magani. Mai gabatarwa ya ce, "Wannan kun sani," ya danna ya wuce.

Na ce, "An rubuta, Malam Gidaɗo, amma ba a faɗa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ni ban da boko. Gaba kuwa na zamna, don in ji da kyau."

A gaba ya zauna. Tun da na hau kabu-kabu maganar nan ke cina. A gaba ya zauna!

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Na ƙona miya. Na yi wa Elias tsawa a kan takalmi.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Su manyan ofishinmu da kansu suka tura ni kwas bayan damina a kan yadda manya ke koyo. Na ɗauka don a yi aiki da shi ne. Yau na shiga wurin Malam Mukhtar na zayyana masa.

Na ce magidanci ba ɗan aji uku ba ne. Ba ya sauraro sai ya ga inda maganar ta taɓa gidansa ko gonarsa. Yana zuwa da abin da ya sani, in ba ka tambaye shi ba ya rufe kunne. Kuma ba zai taɓa ɗaga hannu a gaban manyan baƙi ya ce bai gane ba, ya gwammace ya koma gida da rashin sanin. Na ce a rage masu jawabi. A raba mutane ƙungiya-ƙungiya a inuwa, a yi da Hausa, a sa su taɓa kayan da hannunsu, a fara da labarin abin da ya faru da mutanen da suka sani.

Yana ta latsa waya. Ya ce, "Madam, wa zan cire? Dakta Maikuɗi da zai taso tun daga birni? In ce masa ya zauna ƙarƙashin bishiya? Masu ɗaukar nauyin shirin nan hotuna suke son gani, zaure cike, allo a kunne."

Na ce, "Mace ta mutu a Damaga."

Sai a lokacin ya ajiye wayar. Ya yi salati, ya tambayi yadda aka yi, na gaya masa a taƙaice. Ba mugu ba ne, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ya ce zai duba. Ya ce in je garin Tsibiri ranar Alhamis in gwada tsarin nawa da ƙungiyar mata, a ga ni.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Tsibiri ta ɓaci. Ni na ɓata ta.

Mata sun taru a zauren mai unguwa. Na tafi da niyyar in yi tambaya in saurara. Na ɗaga jarkar magani da na kawo, na ce wa ke da irinta a gida. Suka fara dariya, wata ta ce ai ba jarkar da ta fi ta ƙwari, ba ta yoyo, ba ta fashewa. Wata ta ce tata har kunu take kai wa gona a ciki.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba ku da hankali ne? Kuna son ku kashe 'ya'yanku? Na yi ta faɗa, ina nuna su da yatsa, muryata har waje.

Wata dattijuwa, Inna Marka, shugabar ƙungiyar, ta bari sai da na yi shiru. Ta gyara mayafi ta ce, "Malama, mu ba ɗiyanki ba ne. Kin tambai mu, munka ba ki gaskiya, kika zage mu. Gobe in kin tambaya sai mu ce ba mu da ita." Ta ɗauki takalmanta. Sauran suka bi ta.

Na zauna ni da jarka a zaure.

Duk abin da na karanta wa Malam Mukhtar ranar Litinin, yau ni na take shi. Duk. Kuma har yanzu haushinsu nake ji, da haushin kaina, da na wanda ya ƙera jarkar da kyau haka.

Juma'a, 16 ga Mayu, kafin a tashi aiki



Malam Mukhtar ya kira ni da fara'a ya juyo mini kwamfuta. Ya ce, "Kin ce a fara da labarin gaske, to ga shi." Hoton Adama ne, daga katin rajistar ƙungiyar masu nono, an faɗaɗa shi ya cika allo. Sunanta a sama da jan rubutu. A ƙasa an sa, da Turanci, wai sakamakon jahilci. Ya ce zai sa shi a farkon gabatarwata, sannan mijin ya hau dandamali ya ba da shaida, Dakta Maikuɗi ya yi sharhi.

Jahilci! Jahilcin wa?

Na ce mutumin da ko sunanta ba ya iya furtawa za a tsayar a gaban jama'a da lasifika a hannu? Na ce in hoton nan ya hau allo ba da ni ba. Ya ce, "Madam Susan, ke kika kawo shawara, ke kuma kike faɗa. Me kike so ne?" Na ce a cire. Ya ce zai cire kalmar. Na ce a cire duka, har da mijin. Ya ce zai duba.

Kullum zai duba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan an taso coci

An yi wa'azi a kan yafiya. Ban ji rabinsa ba. A hanya Elias ya ce, "Maman Rejoice, yaran nan sun fara tsoronki." Na ce su ci gaba. Da muka iso gida na shiga ɗaki na rufe, na daɗe ban fito ba.

Litinin, 19 ga Mayu, da safe

Na aika wa Inna Marka da goro da ban haƙuri ta hannun direbanmu. Ban sani ba ko za ta zo.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

An buɗe. An ce ƙarfe tara, babban baƙo bai iso ba sai da rana ta take. Manoma na zaune tun safe cikin zafin nan, fanka biyu ke aiki. Daga zauren ana jiyo hayaniyar kasuwa, kana ganin yadda suke ta waigen ƙofa.

Dakta Maikuɗi ya san aikinsa, ban hana shi ba. Amma ya juya wa mutane baya yana karanta allonsa, sunayen sinadarai masu tsawo, zane a kan zane. Can ya juyo ya ce, "Akwai tambaya?" Shiru. Ya ce, "Madalla, an gane ke nan." Aka tafa.

Wani Bawa daga Bakura, da ke kusa da ni, ya raɗa mini, "Malama, wanga da yake ta hwaɗi, na sha ne ko na shafawa?" Wallahi da gaske yake tambaya. Na ce ya ɗaga hannu. Ya ce, "A gaban waɗanga? Allah shi kiyaye."

Na hango Inna Marka a layin mata. Ba ta dube ni ba.

Na kuma hango Gidaɗo. A gaba.

Laraba, 21 ga Mayu, da la'asar sakaliya

Zan rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Bayan abinci aka kira sunana. Ina hawa na leƙa kwamfutar, sai ga hoton yana nan, shi ne na farko, an dai cire kalmar. Na kai hannu na zare wayar majigin daga bango. Allo ya yi fari. Malam Mukhtar ya yunƙura, na yi kamar ban gan shi ba.

Na sauko ƙasa cikin mutane. Na ce da farko ina neman gafarar matan Tsibiri, na yi musu rashin kunya a garinsu. Sannan na ce ni kaina akwai jarkoki a gidana da ban san asalinsu ba, a kasuwa na saya. Wa ke da irin wannan? Ba wanda ya motsa. Zuciyata ta fara tafasa, na danne, na ƙirga numfashi, na jira. Sai Inna Marka ta ɗaga hannu, ba ta ko kalle ni ba. Sai Bawa. Sai hannuwa ko'ina.

Na tambaye su yadda suke wankewa. Wannan ya ce toka, wancan ya ce omo da ruwan zafi, wata ta ce a shanya kwana biyu a rana. Ban ce wa kowa ya yi kuskure ba. Na fito da jarkar da na taɓa zuba kananzir, da bokitin ruwa da toka da omo, na ce ga ta, a wanke mini. Bawa ya naɗe hannun riga. Ya wanke, ya ɗauraye, ya sake. Aka zagaya da ita kowa na shinshinawa ana yamutsa fuska. Wani ya karɓa ya ce bai iya ba ne, ya wanke nasa. Wari na nan.

Inna Marka ce ta ce, "To shi kananzir ya tona kansa da wari. Wanda bai tona kansa hwa?"

Zauren ya ɗauki surutu. Ba ni na faɗa ba, su suka faɗa wa juna. Suka shiga gardamar abin da za a yi da jarkokin: in an jefar yara su tsinta, in an ƙona hayaƙin fa? Muka tsaya a kan a ɗauraye a zuba ruwan cikin injin feshi, a huda gindinta yadda ba za ta ƙara riƙe ruwa ba, a tara wuri guda nesa da rijiya. Na ci lokacin mutum biyu. An turo mini takarda daga teburin manya, ban buɗe ba.

Na fito ina jin kamar na sauke dutse. Sai ga Gidaɗo a bakin ƙofa. Muka gaisa. Na ce, "Ka ga na hana su sa hoton."

Ya dube ni, karo na farko da ya taɓa duban idona. Ya ce, "Malama, kin tambai ni?"



Ya ce, "Mukhtar ya zo har gida, ya tambai ni, na ce na yarda. Kwana nawa ban barci ina shirya abin da zan ce ma mutane. Na sa riga na taho. Ke kika yanke mani." Bai ɗaga murya ba. Ya ce sai an jima, ya tafi.

Malam Mukhtar ya je har Damaga. Bai gaya mini ba. Ni kuma ban tambaya ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da sassafe

Ina jin haushi kuma ban san inda zan ajiye shi ba.

Alhamis ɗin dai, da yamma

Da safe na sami Gidaɗo a inda suka sauka. Na ce na yi kuskure, me yake so a yi? Ya ce shi ba ya son hoto, ba ya son lasifika, dama Mukhtar ne ya ce haka ake yi. Yana son mutane su ji daga bakinsa, shi ke nan.

Na je wurin Malam Mukhtar. Ya ce jadawalin yau ya cika, akwai rabon takardun shaida da hoton rukuni, kuma bayan abin da na yi jiya kada in ƙara tunkarar dandamali. Na ce ba dandamali nake nema ba.

Lokacin da ake jiran abinci mutane sun taru a inuwar bayan zaure. Inna Marka na roƙa, ita ta tafa hannu ta ce a saurara, baƙo daga Damaga na da magana. Gidaɗo ya tsuguna, ya dafa sandarsa. Ya fara da cewa shi ya ɗauko jarkar da hannunsa, yana murna ya samo abin kirki. Sauran ba zan rubuta ba, nasa ne. Na tsaya can baya. Ba a yi tafi ba. Maza sun sunkuyar da kai, wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska. An kawo abinci ya huce ba wanda ya tashi.

Da ya gama wani ya tambaye shi alamar farko da suka gani. Ya amsa. Wani ya sake tambaya. Tambayoyin da aka kwana biyu ana roƙo a cikin zaure.

Na waiga na ga Malam Mukhtar a tsaye a jikin taga, wayarsa a hannu. Bai ɗauki hoto ba. Wannan dai na ba shi.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya

An ba ni takardar tuhuma: na wulakanta baƙi, na lalata tsarin taro. Dakta Maikuɗi ne aka ce ya yi ƙorafi, don lokacin abokinsa na ci. Daga wata mai zuwa an mayar da ni Bakura, sito, in riƙa lura da buhunan iri. Babu ni babu horarwa.

Na ga rahoton taron a kan tebur. An yi nasara, mahalarta sun gamsu. Hotuna cike: allo, manyan baƙi, takardun shaida. Ba bokiti, ba inuwar bayan zaure.

Malam Mukhtar ya ce, "Ba ni na so haka ba, Madam." Na ce na sani. Na ce taron baɗi fa? Ya ce zai duba. Na yi dariyar da ta sa masinja leƙowa.

Laraba, 28 ga Mayu, da rana

Ban amsa tuhumar ba tukuna. Duk abin da na rubuta sai ya fito zagi.

Asabar, 31 ga Mayu, da hantsi

Ina wanki aka yi sallama. Inna Marka ce, ta shigo Mafara duba jikarta, ta tambayi gidan malamar gona Kirista aka nuno mata. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Ta ɗaga kofin ta dube shi, ta ce, "Daga wace jarka?" Muka yi dariya har Elias ya fito.

Ta ce a Tsibiri sun huda nasu, amma ba duka ba. Akwai gidajen da suka ɓoye, akwai mazan da suka ce sai an ba su wata. Matan garin Kaya kuma sun aiko suna son a zo a yi musu wankin jarkar nan su gani da idonsu. Na ce an cire ni daga aikin, yanzu mai gadin buhu ce ni.

Ta ce, "Mu ba ohis munka aiko ma ba. Ranar Asabar ba ki aiki, ko?"

Na ce ba na yi.

Ta ce, "To ki taho da bokitinki. Amma Malama, in kin ji tsawar ta taso, ki sha ruwa. Ni ka magana, ke ki riƙe omo."

Na raka ta har bakin titi. Haushin bai tafi ba, yana nan daram a ƙirjina. Na dawo na ce wa Elias Asabar mai zuwa shi zai yi girki.